Gasa kawa a cikin fur: da ranta za ta shiga wuta

Ƴan kasuwarmu da suka saba sauka Kwatano, Lome ko Dakar sun san wata halittar teku mai ɓawo biyu kamar ƙumba, sai dai nata ɓawon kaushi gare shi kamar dutse. Ita ce kawa, wadda Faransawa ke ce ma witir. A mazhabar Malikiyya cin ta halal ne, kamar sauran abin da ke rayuwa cikin ruwa. Inda magana take shi ne yadda za a dafa ta ba tare da an kwantar da mutanen gida ba.

A Salum da Kazamans na ƙasar Senegal, haka ma a Gambiya, ɗibar kawa sana'ar mata ce. Idan ruwan teku ya janye sai su shiga kwalekwale, su ɓamɓaro ta daga saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. A shekarar 2012 gwamnatin Gambiya ta damƙa ma ƙungiyar matan da ake kira TRY haƙƙin ɗibar kawa a fadamar Tanbi, kusa da Banjul. Waɗannan mata sukan tafasa ta ko su gasa ta kafin su kai kasuwa. Faransawa kuwa ɗanya suka fi son ta, musamman a bukukuwan ƙarshen shekara. A watan Disamba na 2023 sai da hukuma ta hana sayar da kawar Arkashon na ɗan lokaci, bayan mutane da dama sun kamu da amai da zawo.

Dalili shi ne kawa tace ruwa take yi tana neman abinci, duk ƙazantar da ke ciki a jikinta take taruwa. Mafi muni ita ce ƙwayar cuta mai suna bibriyo, wadda ke yaɗuwa cikin ruwa mai ɗumi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce akwai nau'inta da ke kashe kusan mutum 1 cikin 5 da suka kamu, kuma masu ciwon hanta da ciwon sukari sun fi shiga haɗari. Ba ta canza wari ko ɗanɗano. Lemun tsami da barkono ba su kashe ta, sai wuta.

To uwargida, aiki daga wajen saye yake farawa. Kawa mai rai bakinta a rufe yake gam, kuma tana da nauyi a hannu saboda ruwan da ke cikinta. Wadda kika gani a buɗe, ki ƙwanƙwasa ta. In ta rufe tana da rai, in ba ta motsa ba mushe ce, a zubar. Kada ki jiƙa ta a ruwan pampo, kada ki ɗaure ta a leda, duka biyun kashe ta suke yi. A jera ta cikin firijida, gefen mai zurfi a ƙasa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Daga Kwatano zuwa Yamai kusan kilomita 1000 ne. Kawar da ta yi wannan tafiya babu ƙanƙara, ko ta kwana cikin firijidar da wuta ta ɗauke, ko kyauta aka ba ki, ki ce kin gode.

Ki wanke ɓawon da buroshi har laka ta fita. Ki kunna fur, wato tanderun zamani mai gaz ko lantarki, ya kai digiri 230. Ki zuba gishiri mai tsakuwa a tire, ki dasa kawar a kai don kada ta karkace ruwanta ya zube, domin daɗin a nan yake. Cikin kamar minti 10 za su fara buɗe baki. Wadda ta ƙi buɗewa kada a tilasta mata da wuƙa, a jefar.

A nan ne da yawa ke kuskure, suna ɗauka buɗe baki shi ne nuna. Buɗewa alama ce kawai ta cewa zafi ya kashe ta. Ki riƙe da ƙyalle, ki cire ɓawon sama, ki sa ɗan man shanu da dakakkiyar tafarnuwa, ki mayar cikin fur. CDC ta ce kawar da aka ɓare minti 10 take buƙata a wannan zafi. Za ta ɗan tsuke, gefenta ya nannaɗe, kuma masu son ɗanya za su ce an ɓata ta. A ƙasa mai zafi irin tamu, gara ta tsuke. Kada a ƙara gishiri, ta zo da nata daga teku. Yaji da lemun tsami sai bayan an sauke.

A ci ta da zafinta, kuma kada tiren da ya taɓa ɗanya ya taɓa gasasshiya. Ɓawon ma ba shara ba ne: a wanke, a shanya, a daka a zuba ma kaji masu ƙwai, yana ƙara ma ɓawon ƙwai ƙwari.