Ferrari: Kamfanin Da Ya Riƙa Sayar Da Motoci Don Ciyar Da Ƙungiyar Tsere

A mafi yawan kamfanonin ƙera motoci, ana shiga gasar tsere ne domin a tallata haja a ƙara ciniki. A kamfanin Ferrari na ƙasar Italiya kuwa ƙungiyar tsere ce ta fara kafuwa, daga bisani aka buɗe ciniki domin a sami abin ciyar da ita.

A shekarar 1929 ne Enzo Ferrari, wanda tsohon direban tsere ne, ya kafa ƙungiyar a birnin Modena, ya raɗa mata suna Scuderia Ferrari, watau bargar dawakin Ferrari. A lokacin ba ya ƙera mota ko ɗaya. Motocin kamfanin Alfa Romeo yake shiryawa, yana ba attajirai da ƙwararrun direbobi su shiga gasa da su. Da suka ɓata da Alfa Romeo a 1939, an gindaya masa sharaɗin kada ya yi amfani da sunansa a harkar tsere har tsawon shekara huɗu. Ya mayar da masana'antarsa garin Maranello a 1943, kuma sai a 1947 mota ta farko mai ɗauke da sunan Ferrari, ƙirar 125 S mai silinda 12, ta hau titi.

Tun da aka fara gasar duniya ta Formula 1 a 1950, Ferrari ce kaɗai ƙungiyar da ba ta taɓa fashin kaka guda ba. Ta sami nasararta ta farko a filin Silverstone na Ingila a 1951, sannan direbanta Alberto Ascari ya zama zakaran duniya a 1952 da 1953. Amma tsere sana'a ce mai cin kuɗi, domin kowace kaka tana buƙatar sabon inji, da sabbin kayan gyara, da albashin injiniyoyi. Saboda haka Enzo ya riƙa ƙera motocin alfarma 'yan ƙalilan yana sayar wa masu hannu da shuni, musamman a Amurka inda Luigi Chinetti yake yi masa dillanci, ya kuma riƙa zuba ribar cikin ƙungiyar.

Wannan tsari ya fara gazawa a farkon shekarun 1960. Kamfanin Ford na Amurka, wanda yake neman suna a fagen tsere, ya nemi sayen Ferrari a 1963, aka yi watanni ana tattaunawa har aka kai ga rubuta yarjejeniya. A nan ne Enzo ya lura cewa idan kuɗin da za a kashe wa ƙungiyar ya wuce wani adadi, dole sai ya nemi izini daga Amurka. Nan take ya janye. Bai damu ƙwarai da wanda zai mallaki sashen motocin sayarwa ba, amma ƙungiyar tsere bai yarda wani ya sa masa baki a cikinta ba.

Janyewar ta yi masa tsada. Shugaban Ford, Henry Ford na Biyu, ya ba da umarni a ƙera motar da za ta kayar da Ferrari a gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, kuma motar GT40 ta lashe gasar sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969. Ƙaramin kamfani kamar Ferrari ba zai iya ja da aljihun Ford ba. A 1969 Enzo ya sayar wa kamfanin Fiat, ƙarƙashin Gianni Agnelli, kashi 50 cikin 100 na hannun jari, bisa sharaɗin da Ford ya hana shi, watau ragamar tsere ta zauna a hannunsa. Haka ta zauna har ya rasu ran 14 ga watan Agusta 1988 yana da shekara 90, inda Fiat ya ƙara kasonsa zuwa kashi 90, ɗansa Piero ya riƙe sauran kashi 10.

Kuɗin Fiat bai zama tabbacin nasara ba. Bayan Jody Scheckter na Afirka ta Kudu ya ci kambun direbobi a 1979, ƙungiyar ta yi shekara 21 ba ta sake ganinsa ba. Sai da Luca di Montezemolo ya karɓi shugabancin kamfanin a 1991, ya ɗauko Jean Todt ɗan Faransa a 1993, sannan Michael Schumacher ɗan Jamus a 1996, kafin al'amura su gyaru. Schumacher ya ci kambun sau biyar a jere daga 2000 zuwa 2004.

A watan Oktoba na 2015 aka fara sayar da hannun jarin Ferrari a kasuwar hannun jari ta New York a kan dala 52 kowane ɗaya, kuma a Janairun 2016 ya rabu da rukunin Fiat Chrysler. A 2023 kamfanin ya sayar da motoci fiye da 13,000, a shekarar kuma ya sake lashe gasar Le Mans, karo na farko tun 1965. Sai dai kuɗi ya rage tasiri a Formula 1, domin tun 2021 hukumar gasar ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kaka, inda aka fara da dala miliyan 145.

Ƙungiyar tana da kambun masu ƙera mota 16 da na direbobi 15, fiye da kowace ƙungiya. Na direbobi na ƙarshe Kimi Raikkonen ne ya kawo shi a 2007, na masu ƙera mota kuma a 2008, kuma har ƙarshen kakar 2024 ba a ƙara ko ɗaya ba. A 2025 ta ɗauki Lewis Hamilton ɗan Birtaniya, wanda ya riga ya ci kambun duniya sau bakwai da wasu ƙungiyoyi.