Ƙarfen da ke Narkewa Kamar Man Shanu

Duk uwargidan da ke sayen man shanu a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi ta san halinsa. Da hunturu yana daskarewa sai an sa cokali, da bazara kuwa tun kafin a kai gida ya tsinke. Akwai wani ƙarfe mai wannan hali, sunansa galiyom. Yana narkewa da zafi ya kusa digiri 30, wato ɗumin tafin hannu ya ishe shi. A watan Afrilun Katsina, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ba ya ma buƙatar hannu.

Abin da ya sa ya kamata iyaye da malamai su san shi shi ne zaiba. Yara masu son ƙere-ƙere, daga 'yan sakandare har ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, idonsu kan ƙyalla idan ma'aunin zafin jiki ya fashe, ƙwayoyin zaiba suka watse suna gangarawa a kan siminti. Sha'awar ba laifi ba ce, ita ce mafarin ilimi. Matsalar tana ga zaibar kanta.

Man shanu idan ya lalace, hanci ne zai fara sanar da kai. Zaiba ba ta yin wannan adalcin. Tana fitar da tururi marar wari marar launi, zafin ɗaki kuma na ƙara shi. Mai shaƙarsa ba ya ankara har sai hannu ya soma karkarwa, mantuwa ta yawaita, ƙoda ta taɓu. Idan ta shiga ruwa irin na madatsar Zobe, sai ta rikiɗe ta taru a naman kifi. Ta wannan hanya ta nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 ta rage amfani da zaiba, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018.

Galiyom ba ya irin wannan tururi. Idan aka gauraya shi da kuza da wani ƙarfe mai suna indiyom, ana samun haɗin da ke zama ruwa ko a tsakiyar sanyi, har ana yin ma'aunin zafin jiki da shi. Amma kamar man shanu, yana da mazubinsa, yana kuma barin shaida: yakan shafa wa yatsu da gilashi launin toka, sai an wanke da sabulu. A kwalbar roba ake ajiye shi, domin yana kumbura idan ya daskare, ya fasa gilashi. Kada ya kusanci tukunyar alminiyom, don yana ratsa ta har ta riƙa ɓarɓashewa. Kuma ba abin sa wa a baki ba ne.

Idan zaiba ta zube a gida, kada a kai mata tsintsiya, kada a ƙona ta. A fitar da yara da masu juna biyu, a buɗe tagogi, a tattara ta da kwali a zuba cikin kwalba mai murfi. Yaron da ya tambayi dalilin da ƙarfe zai zama ruwa ya cancanci amsa, tare da abin gwajin da ba zai taɓa masa ƙwaƙwalwa ba.