Abin da ya kamata ku sani game da Mahaman Usman, ɗan siyasar Damagaram

An haifi Mahaman Usman a birnin Damagaram ranar 20 ga Janairun 1950. Ya karanci tattalin arziki da ƙididdiga a Faransa da Kanada, ya dawo gida ya kama aikin gwamnati. Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa a 1991, shi da abokansa suka kafa jam'iyyar CDS-Rahama, Damagaram kuwa ta rungume ta hannu bibbiyu. Akwai dalili. Tun 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai, kuma mutanen tsohuwar daular sun daɗe suna ganin an mai da su saniyar ware.

Sai dai ƙuri'un Damagaram, duk yawansu, ba sa naɗa shugaban ƙasa su kaɗai. A nan nake ganin tushen nasararsa da wahalarsa duka. Dole ya nemi abokan ƙawance, kuma sau da yawa daga wajensu matsala ta fito.

A zaɓen 1993 Tanja Mamadu na MNSD-Nasara ne ya zo kan gaba a zagayen farko. Jam'iyyun ƙawancen AFC suka haɗu a bayan Usman, ya lashe zagaye na biyu a watan Maris da kusan kashi 54 cikin 100. Shi ne shugaban Nijar na farko da aka zaɓa a takarar jam'iyyu da yawa, shi ya sa magoya bayansa ke kiransa Nafarko. Ya tarar da baitulmali a bushe, ma'aikata na bin bashin albashi, ga tawaye a arewa. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Duk da haka a zamaninsa aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da 'yan tawayen Abzinawa, ranar 24 ga Afrilun 1995.

Kafin wannan rana ƙawancen ya riga ya tsage. Firaminista Mahamadu Isufu ya ajiye aiki a Satumban 1994, jam'iyyarsa ta PNDS-Tarayya ta koma wajen 'yan adawa. Usman ya rushe majalisa da fatan samun rinjaye, amma zaɓen Janairun 1995 ya ba abokan hamayya nasara, ala tilas ya karɓi Hama Amadu a matsayin firaminista. Zaman doya da manja aka yi. Shugaba ya ƙi kiran taron majalisar ministoci, firaminista na sauya shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba, aikin ƙasa ya tsaya cik. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki. Laifin wannan rikici bai tsaya kan mutum ɗaya ba, amma Usman yana da kasonsa a ciki.

Bai bar fagen ba. Ya mara wa Tanja baya a zagaye na biyu na zaɓen 1999, Tanja ya ci, shi kuma ya shugabanci majalisar dokoki kusan shekara 10, ya kuma riƙe shugabancin majalisar dokokin CEDEAO. Da Tanja ya nemi tazarce a 2009, Usman ya ƙi, Tanja ya rushe majalisar a watan Mayu. Wannan tsayuwa ta cancanci yabo, domin kujerarsa ya rasa a kanta.

Abin da ya fi ciwo daga cikin gida ya zo. Rikici da mataimakinsa a jam'iyya, Abdu Labo, ya kai su gaban kotu, daga ƙarshe jam'iyyar da ya kafa ta suɓuce masa. A 2016 ya yi takara da tutar MNRD-Hankuri, a 2020 kuma da RDR-Canji. Da kotu ta hana Hama Amadu tsayawa, sai Hama, abokin faɗansa na 1995, ya ce a zaɓi Usman. Usman ya kai zagaye na biyu da Mohamed Bazoum, wanda shi ma a Taskar ta jihar Damagaram yake da mazaɓa. An ba Bazoum kusan kashi 56, Usman 44. Usman ya ce shi ya ci, ya ƙi amincewa da sakamakon, ya kai ƙara har kotun CEDEAO, hukuncin bai sauya komai ba. Bazoum ya hau mulki a Afrilun 2021, sojoji suka kifar da shi ranar 26 ga Yulin 2023.