GYARAN HOTO A KWAMFUTA: MAI TSADA KO MAI ARAHA?

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, duk wanda ya zaga unguwannin 'yan'uwanmu a nan Kudu, ko Agege ne da Idi-Araba a Ikko, ko kuwa Sabo a Badun, zai lura da cewa samarinmu da yawa sun kama sana'ar hoto. Waɗansu sun buɗe shagon ɗaukar fasfo, waɗansu kuwa suna tsara katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa, su kai Shomolu ko Mokola a buga musu. Haka abin yake a Kano da Kaduna. To, duk mai wannan sana'a ba shi da makawa sai ya zaɓi manhajar da zai riƙa gyara hoto da ita a kwamfuta, kuma a nan ne ake yawan gardama: shin sai lalle an biya kuɗin Photoshop, ko kuwa masu araha da na kyauta za su fisshe mutum?

UWA MA BA DA MAMA

Bari mu fara da babbar. Waɗansu 'yan'uwa biyu ne 'yan Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙago Photoshop, kana kamfanin Adobe ya fito da ita kasuwa a shekarar 1990. A 1994 aka ƙara mata abin da masu sana'ar suke kira leya, watau jera sassan hoto hawa-hawa kamar an ɗora gilasai bisa juna, yadda mutum zai gyara rubutu ba tare da ya taɓa fuskar da ke ƙasa ba. Tun daga nan ta zama ita ce ma'auni, har sunanta ya koma sunan aikin kansa.

A da, sayenta ake yi sau ɗaya ta zama mallakar mutum. Fitowa ta ƙarshe da aka sayar haka ita ce CS6 ta 2012, a kan dala 699. Amma daga 2013 sai kamfanin ya daina sayar da sababbin fitowarta, ya koma ba da hayarsu wata-wata. A 2025 kuɗin Photoshop ita kaɗai dala 22.99 ne a wata ga wanda ya ɗauki alkawarin shekara guda. Mai karatu, yi lissafi da kanka: dala 275.88 ke nan a shekara, idan kuwa aka ƙiyasta dala a kan Naira 1,500, kuɗin ya haura Naira 400,000. Fasfo nawa yaro zai ɗauka kafin ya mayar da wannan?

Abin da ya ƙara nauyin lamarin shi ne faɗuwar Naira. Kafin Babban Banki ya saki farashi a watan Yuni na 2023, dala tana wajen Naira 460 ne a hukumance, kana a 2024 ta haye 1,500. Haka nan kuma ran da mutum ya daina biya, ran nan za a rufe masa ƙofa, domin zanen aro ba ya rufe katara. Wanda kuma ya so janyewa kafin shekara ta cika, idan kwana 14 na farko sun wuce, sai ya biya rabin abin da ya rage. A kan yadda ake sanar da masu saye wannan tara ne ma gwamnatin Amurka ta kai kamfanin ƙara kotu a watan Yuni na 2024.

MASU ARAHA DA NA KYAUTA

Ta farko ita ce GIMP, wadda waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a 1995. Kyauta ce tun ran farko, ba haya ba rajista, kuma ba ta bukatar intanet bayan an sauko da ita. A watan Maris na 2025 aka fito da GIMP 3.0, wadda a cikinta mutum yana iya sauya haske ko launi, sa'an nan ya dawo daga baya ya warware ba tare da ya ɓata asalin hoton ba. Wannan kuwa shi ne babban abin da aka daɗe ana yi mata gori a kansa.

Ta biyu ita ce Affinity, ta kamfanin Serif da ke Nottingham a Ingila, wadda ta fito a 2015 ana sayenta sau ɗaya. Kamfanin Canva na ƙasar Ostareliya ya saye ta a 2024, kana a ƙarshen watan Oktoba na 2025 ya haɗa gyaran hoto da zane da tsara shafi a manhaja guda, ya ce kowa ya ɗauka kyauta muddin ya yi rajista da Canva. Sai dai kayan aikinta na ƙirƙirarriyar basira, waɗannan kam sai mai biya.

Ta uku ita ce Photopea, wadda wani matashi mai suna Ivan Kutskir ya rubuta a Jamhuriyar Cek tun 2013. Ita ba a girka ta a kwamfuta, a shafin intanet ake buɗe ta, fasalinta kuwa kamar an tsaga kara da Photoshop, har tana buɗe fayil ɗin PSD. Talla ce take riƙe da ita. Ga masu aiki da waya kuma akwai Snapseed ta Google, kyauta, ta isa gyara haske da launin hoton da za a tura wa iyali a gida.

INA BAMBANCIN YAKE?

A gaskiya idan maganar yanke hoto ce, da sauya bango zuwa fari, da goge ƙurji, da jera fasfo takwas a takarda guda, ba wani abin da mai tsada za ta yi wanda na kyauta ba za su yi ba. Bambancin yana fitowa ne a wurare uku.

Na ɗaya shi ne launin ɗab'i. Fuskar kwamfuta da haske uku take haɗa launi: ja, kore da shuɗi, shi ne ake kira RGB. Injin maɗaba'a kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, watau CMYK. Akwai launukan da suke ƙyalli a kwamfuta waɗanda tawada ba ta iya fitar da su, shi ya sa za ka ga shaddar ango shuɗiya shar a allo, amma a kati ta fito a dushe. Photoshop da Affinity duka suna aiki kai tsaye cikin CMYK. GIMP 3.0 tana iya nuna maka yadda launin zai fito, tana kuma iya fitar da fayil a CMYK, amma ainihin gyaran cikin RGB take yinsa. Photoshop Elements ma, ƙanwar babbar da ake sayarwa wajen dala 100, ba ta aiki da CMYK. Wanda zai buga kati 1,000, to, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin idan launi ya ɓaci asarar takarda da tawada a wuyansa take.

Na biyu shi ne mu'amala da sauran masu sana'a. Kamfanonin talla da manyan maɗaba'u sun saba da fayilolin Adobe, masu tsara bana da kati a ƙasar nan kuwa yawancinsu CorelDRAW suka riƙe, wadda aka fara fitarwa a Kanada a 1989. Masu araha suna buɗe PSD, amma wani lokaci rubutu yakan sauya siffa, ko wani ado ya ɓace. Maganin wannan shi ne a kai wa maɗaba'a aikin a PDF, hotunan ciki kuma su kai ɗigo 300 a kowane inci.

Na uku shi ne sauri. Tun 2023 Photoshop take da kayan aikin da za ka rubuta mata abin da kake so ta cike gurbi da kanta, ko ta kawar da wanda ya gitta a bayan amarya cikin ƙiftawar ido. Amma fa wannan sai da intanet, kuma da ƙayyadadden adadi. Ga mai gyara hotunan biki ɗari biyar a mako, lokacin da aka rage kuɗi ne.

ZANCEN TA SATA

Kada mu yaudari kanmu, kowa ya san yawancin shaguna da wadda aka fasa wa makulli suke aiki. Jama'a su sani Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa har da manhajar kwamfuta. Ban da doka ma, irin waɗannan sau da yawa da ƙwayar cuta a cikinsu, wadda za ta iya kwashe lambobin sirri na banki, ko ta kulle hotunan mutane duka a ce sai an biya fansa. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A da ana iya kawo uzurin cewa babu wata mafita, amma yanzu da ake da na halal kyauta, uzurin ya ƙare.

Saboda haka shawararmu ita ce daidai ruwa daidai tsaki. Mai shagon fasfo da mai koyo su fara da GIMP ko Photopea. Mai tsara kati da kalanda ya gwada Affinity, ya buga gwaji guda ya duba launi kafin ya saki injin. Wanda kuwa yake karɓar aikin kamfanoni, har ribarsa ta wata ta ninka kuɗin haya sau da yawa, to, ya biya Photoshop ya sa kuɗin cikin farashin aikinsa. Wanda ya iya leya da launi a ɗaya, mako kaɗan zai yi ya saba da ɗayar, kuma mai biki da ya zo karɓar katinsa ba zai tambaye ka da wace manhaja ka yi ba, fuskarsa da sunansa kawai zai duba.

Allah Ya sa wa sana'a albarka, Ya mai da kowa gida lafiya.