Suna Ɗaya, Aiki Biyu: Inda Tafintan Na'ura Yake Cijewa



Bari mu fara da kalmar "fari". A rubutun boko ba mu nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka waɗannan baƙaƙe huɗu suna ɗauke da launi, da rashin ruwan sama, da jam'in fara, har da mafarin abu. Duk da haka mai karatu ba ya ruɗewa. In malamin gona ya rubuto daga Shagari cewa "fari ya kashe gero", mun san damina ce ta ƙi, irin ta 1973. In kuwa ya ce "fari sun cinye gero", to, sai a nemi maganin feshi. Wakilin sunan nan, "ya" ko "sun", shi ya raba gardama. Almajiran da suka yi karatu a Sifawa ta ƙasar Bodinga, kafin Shehu Usmanu ya koma Sakkwato a 1815, da irin wannan dabara suke karanta Larabci marar wasali.

To, masu tsara harsunan na'ura mai ƙwaƙwalwa su ma sun yarda suna ɗaya ya ɗauki aiki fiye da ɗaya. Harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya fara ƙirƙira a Amurka a 1979, yana cikinsu. Akwai wani shiri da zan kira tafinta, watau mai juya abin da mutum ya rubuta zuwa lambobin da na'ura take ganewa. Alal misali, sunan tolower yana da aiki biyu: ɗaya yana karɓar harafi kaɗai ya mai da shi ƙarami, ɗayan yana karɓar harafi tare da bayanin harshen da ake rubutu da shi. In an kira sunan tare da abin da zai yi aiki a kai, tafinta yakan ƙirga, ya duba iri, ya zaɓa. Ya sami "ya" da "sun" ɗinsa ke nan.

Wahalar tana zuwa ne wajen dabarun gama-gari, waɗanda Alexander Stepanov ya tsara, aka shigar da su ƙa'idar harshen ta 1998. Ɗaya daga cikinsu, transform, tana bin jerin abubuwa ɗaya bayan ɗaya tana yi musu duk aikin da aka miƙa mata. Ba ta faɗi irin aikin da take so ba. An bar gurbin a buɗe, sai tafinta ya gano irinsa daga abin da aka miƙa. Sa'ad da aka miƙa mata tolower tsirara, alhali ayyukan nan biyu suna a fili, sai zance ya zama zobe: gurbi yana jiran suna ya bayyana irinsa, suna kuma yana jiran gurbi ya zaɓar masa ma'ana. Nan tafinta yake tsayawa ya ce bai gane ba. Kamar a aiko wa ofishin Bodinga takarda mai kalma biyu rak, "Fari, Shagari". Hatsi za a tura, ko magani?

Ɗalibai sukan ga wannan kamar taurin kai ne. Ni ina ganin ya fi akawun da zai yi kintace ya loda mota.

Magani iri biyu ne. Ko dai mai rubutu ya fayyace irin aikin da yake nufi a gaban sunan, yadda alifi a ajami yake ja wasalin farko na farin da ke cin gero, ya raba su da farin damina. Ko kuwa ya naɗe sunan cikin ɗan ƙaramin aiki marar suna, wanda ake kira lamda, da ya shigo harshen a 2011. A cikin lamda an kira tolower da harafi guda a hannunta, watau an mai da ita cikin jimla, tafinta kuwa sai ya zaɓi ta farko ya wuce.