Jan Kunne Ga 'Yan Zamfara Masu Zuwa Kallon Teku a Badagry

Duk wanda ya san tashoshin motar Gusau ya san yawan samarinmu da ke dosar Legas neman na kai. Wasu rakiyar shanu da raguna suke yi a tirela, wasu dako a Mile 12 ko Agege, wasu kuma su yada zango a Alaba Rago da ke bakin babbar hanyar Legas zuwa Badagry. Idan Sallah ta zo, ɗan Tsafe da ɗan Bunguɗu da hali bai yi musu su koma gida ba sukan haɗa kuɗin mota su tafi kallon teku. Masu gudun hayaniya sukan zarce har Badagry, kusa da kan iyakar Seme, su tsallaka tsibirin Gberefu.

Wurin ya cancanci zuwa, gani kuma ya kori ji. Daga gaɓar garin ake shiga jirgin ruwa a haye, sannan a taka da ƙafa cikin rairayi da itatuwan kwakwa har a ɓulla bakin tekun Atilantika. Ta wannan hanya aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa. A tsakiyarta akwai wata rijiya da mutanen garin ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta da gida. Kada mu ɗauka tarihin wasu ne. Hausawa da yawa aka fitar ta gaɓar Badagry da Legas da Wida, har ta kai a 1807 hukumomin Bahiya da ke Barazil suka bankaɗo shirin boren da bayi Hausawa suka ƙulla. Daga Badagry ɗin nan kuma Baturen nan Kilafatan ya kamo hanya a ƙarshen 1825 don ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma rasu a Sakkwato a 1827. A cikin gari akwai kurkukun bayi na Seriki Abass da tsohon benen nan da aka gina a 1845.

To amma shirun da ke jan mutum zuwa tsibiri shi ne kuma haɗarinsa. Inda babu cunkoso, babu mai ceto a kusa, asibiti kuma sai an sake haye ruwa.

Tun daga jirgi ake fara kiyayewa. Mu a Zamfara ba sai an ba mu labari ba: a watan Satumbar 2024 kwale-kwale ɗauke da manoma ya kife a Gummi, gommai suka riga mu gidan gaskiya. Hukumar LASWA ta Jihar Legas ta wajabta sa rigar kariya ga duk fasinjan jirgi, hukumar NIWA ta tarayya kuma ta hana tafiyar dare a ruwa. Idan mai jirgi ya ce ai kusa ne, ba sai an sa riga ba, ka sauka ka jira wani. Haka idan ka ga lodi ya yi yawa har bakin jirgi na neman sumbatar ruwa. Rigar ma a ɗaure igiyoyinta tamau, don wadda aka rataya a wuya kawai zamewa take yi da zarar an faɗa. Ku yi cinikin zuwa da dawowa tun a gaɓa, ku ajiye lokacin da zai dawo ɗaukarku, ku karɓi lambarsa, kuma kada ku biya duka sai ya maido ku.

Babban abin tsoro shi ne tekun kansa. Yaron da ya tashi yana iyo a gulbin Gusau ko a tafkunan damina gani yake ya san ruwa, nan kuwa kallon kitse yake yi wa rogo. Gulbi gefe guda yake tafiya, kana ganin inda ya dosa. Teku kuwa igiya ce ke zubo ruwa a gaɓa ba ƙaƙƙautawa, ruwan nan kuma dole ya koma, sai ya nemi wata 'yar kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi ya fice da gudun da gwanin iyo ma ba ya iya ja da shi. Abin da ke yaudarar baƙo, wannan kafar ita ce ta fi kama da wurin lafiya: ruwanta ya fi duhu, ba kumfa, igiya ba ta fashewa a wurin. Sai mutum ya ce bari ya shiga nan iya gwiwa a ɗauke shi hoto. Yashin ƙarƙashin ƙafarsa ya zaizaye, igiya ta biyu ta kayar da shi, ta uku ta yi ciki da shi. Idan da doguwar riga ko wandon jins ne a jikinsa, nauyin tufar ya ƙara masa wahala.

Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawar komowa ta inda aka ja shi, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu a gan shi, in ya iya ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga kafar, don ba ta cika faɗi ba. Na tudu kuma kada zumunci ya sa su faɗa. Sau da yawa haka ake rasa biyu maimakon ɗaya. A jefa masa jarka mai murfi ko igiya, a kwala wa masunta kira. A sani kuma teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, inda kuka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama ruwa da la'asar, kuma ya fi hauka a watannin damina.

Sai batun abinci. Ta fuskar addini babu damuwa: a mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbobin teku halal ne, har da ƙaguwa da jatan lande, ruwan tekun ma ana alwala da shi. Damuwar ta lafiya ce. Mun saba da tarwaɗa da busasshen kifi, akwai kuwa jikin da bai karɓar jatan lande da ƙaguwa, kuma mai shi ba zai sani ba sai ya ci. Wanda bai taɓa ci ba ya ɗanɗana kaɗan ya saurara. Idan leɓe ya kumbura, jiki ya fesa ƙuraje, ko numfashi ya fara sarƙewa, asibiti za a nufa nan take, ba a jira ya faɗa da kansa. Kifi kuma a duba shi kafin a gasa: ido garau, ƙarƙashin kunnensa ja, tsoka ba ta lotsawa. Wanda ya wuni a rana, musamman irin su titus, yana tara gubar da wuta ba ta kashewa, komai yawan yajin da aka barbaɗa. Kada a ci ɗanye ko mai rabin dahuwa, a kuma tafi da ruwan sha daga gari. Ba a manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba.

Mutanen wurin Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, masunta ne da manoman kwakwa. Suna da dodonsu Zangbeto mai gadin dare, suna kuma girmama shi ƙwarai. Ba sai ka yarda da abin mutane ba kafin ka kame bakinka a garinsu. Kada a yi dariya, kada a ɗauki hoton wurin bauta ko na matan mutane ba da izini ba. Katin shaida ya kasance a aljihu, don hanyar Badagry shingayen jami'ai ne birjik.

Iyaye da ke nan gida, idan yaro ya bugo waya ya ce gobe za su teku, a tambaye shi da wa zai tafi, a ja masa kunne kan rigar kariya, a ce masa ya tsaya a tudu ya yi kallonsa. Shugabannin Hausawa na Alaba Rago da Agege da limaman masallatanmu na can, don Allah a riƙa faɗar wannan a huɗuba kafin kowace Sallah.