Kwan ɗumama 'yan tsaki yana ci, amma zafin nawa yake bayarwa?

A hunturun farko da na zuba 'yan tsaki 200, na rataya musu kwan ɗumi mai wat 250, na je na kwanta hankali kwance tunda akwai wuta. Da asuba na tarar sun cunkushe a ƙarƙashin kwan, wasu sun danne wasu sun mutu. Kwan bai mutu ba, wuta ma ba a ɗauke ba. Lo-karan aka kawo.

Tun daga ranar na koma kan lissafin da muka yi a sakandare muka watsar. Abu uku ne: bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfiya yawan wutar da ke bi ta waya, om kuma turjiyar da abin ke yi wa wutar. Ka ninka bolt da amfiya, ka samu wat. Ka raba bolt da amfiya, ka samu om. Shi ke nan fa.

Mu gwada da kwan nawa. An yi shi ne don bolt 230, irin na gidajenmu a Najeriya. Raba 250 da 230, yana jan amfiya kusan 1.1. Raba 230 da 1.1, turjiyarsa kusan om 210 ce. To a ce wuta ta sauko zuwa bolt 160. Raba 160 da 210, amfiya 0.76. Ninka 160 da 0.76, wat 122 kacal! Bolt ya ragu da kashi 30 cikin 100, amma zafi ya ragu da rabi, saboda bolt da amfiya tare suke faɗuwa. A zahiri zai ɗan haura 122, don turjiyar siririyar wayar cikin kwan tana raguwa idan ta ɗan huce, amma dai kusan rabi ya tafi. Ɗan tsako kuwa a satin farko yana buƙatar digiri 32 zuwa 35, kuma bai iya riƙe ɗumin jikinsa ba tukuna.

Nasan wani zai ce, "Ai ni sola zan sa." Malam, yi lissafi kafin ka biya kuɗi. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗaukar wat-awa 1,200. Idan mai ruwa ne, rabi ya kamata ka sha don kada ya lalace da wuri, wato 600. Raba da 250: awa biyu da 'yan mintoci, ba a ma cire abin da inbata ke ci ba. Kuma a bolt 12 kwan nan sai ya ja amfiya sama da 20 daga batir, siririyar waya za ta yi zafi, ga dusar katako a ƙasa. A ganina sola ta haske ce da fanka da ƙaramin famfon iskan kifi.

Yanzu multimita mai arha nake sakawa a soket da magariba, lokacin da kowa ke kunna kaya wuta ke rauni. Ma'aunin zafi yana rataye daidai tsayin bayan tsaki. Idan bolt ya sauka ƙasa da 200, sai na hura tukunyar gawayi a waje, hayaƙi ya gama fita, sannan na shigar da ita na bar taga a ɗan buɗe.